WAI ALBAM ƘAUYANCI NE?

Ba don son surutu na ɗauki alƙalami ba, sai don an tsokane ni a bainar jama'a, ni kuwa na yi alkawarin zan ba da amsa a inda kowa zai gani.

Ga yadda abin ya faru. Ran nan bayan mun tashi daga taron ƙungiya muna zaune a inuwa ana hira, sai wani ya tambaye ni wai yaya ƙasarmu take, domin shi bai taɓa jin sunan Batsari ba sai a labarin kisa. Na sa hannu a aljihu na fito da ɗan albam ɗina na miƙa masa. Kafin ya buɗe, wani abokinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba tun da ya san kansa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba malam! A wannan zamani? Kana jami'a kana yawo da albam kamar mai neman aure a 1980? Ina wayarka?" Sauran suka taya shi. Wata ma ta ce ai wannan ƙauyanci ne tsantsa.

To, na ji. A ƙauye dai aka haife ni, ban kuwa taɓa musun haka ba. Mahaifina mutumin ƙasar Ruma ne, mahaifiyata kuma daga ƙasar Safana aka auro ta. Amma tun da an kira abin ƙauyanci, bari mu baje shi a faifai mu ga wanda bai waye ba, ni ko masu dariya.

Albam ɗin nan da ake magana bai fi ƙaramin littafin addu'a girma ba. Yana shiga aljihun kaftani na gefe, yana cin hoto 36, kowane hoto da ɗan gidansa na leda. Kada kuma wani ya ce ni abokin gāban waya ne, domin duk hotunan da ke ciki, ban da guda biyu tsofaffi, da wayata na ɗauke su, sa'an nan na kai wa mai hoto a Katsina ya wanke mini. Abin da na biya bai kai kuɗin datar da abokin nan nawa yake ƙonawa a mako biyu wajen kallon ƙwallo ba. Gardamata ba a kan abin da za a ɗauki hoto da shi take ba. A kan abin da za a riƙe a hannu a nuna wa mutane take, a nan kuwa na ce takarda ta fi, kuma ina da dalili.

Babbar hujjar masu waya ita ce yawa. Wai tasu tana cin hoto dubu biyar, nawa kuwa 36 kacal. Ina tambaya, wa ka taɓa zaunar da shi ka nuna masa hoto dubu biyar? Abin da na saba gani shi ne mutum ya ce maka "tsaya ka ga wani hoto," sai ya duƙufa yana ta shafa gilashi da yatsa, yana wuce hoton takardar lacca, da na abinci, da na wa'azin da aka turo masa, da na kansa sau arba'in a gaban madubi, kai kuwa kana tsaye kamar mai jiran bashi. Daga ƙarshe ya ce, "Wallahi yana nan, zan turo maka." Ba zai turo ba. Rumbu daban, akushi daban. Wanda ya yi baƙo ba ya kai shi bakin rumbu ya ce ga abinci nan.

Bari in ba ku labarin kakata ta wajen uwa, wadda ta sa na fara wannan tunani. Wani hutu na je gaishe ta a Safana, na ce bari in nuna mata hoton jaririn da yayata ta haifa a Kano, wanda ba ta taɓa gani ba. Tana zaune a tsakar gida da hantsi tana tsince wake. Na miƙa mata waya, ta kai ta kusa da ido, ta nesanta, ta karkata, sa'an nan ta ce, "Kai maigida, wannan madubin naka ba ya nuna kowa sai ni." Gaskiya ta faɗa, hasken rana ya cinye hoton, fuskarta kawai take gani. Muka koma ɗaki. Da ta ga yaron sai ta kai yatsa za ta shafa kumatunsa, kamar yadda kowace kaka za ta yi, nan take yaro ya gudu, hoton wata 'yar ajinmu ya fito. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Au, kishiya ka yi mini ban sani ba?" Aka yi ta dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini, domin ban san abin da zai fito ba in ta sake shafawa. Na karɓe wayata da sauri. Duka-duka ba ta yi minti ɗaya tana kallon tattaɓa-kunnenta ba.

Wannan karɓewa da sauri ita ce cutar. Ku lura da duk mai nuna hoto a waya: ba ya sakin ta. Yana riƙe da ita, kai kana leƙe ta kafaɗarsa, in ma ya sakar maka idonsa na kan yatsanka. Ba laifinsa ba ne, asirinsa duka yana ciki, da saƙonninsa, da kuɗinsa na banki, da abin da ba ya so uwarsa ta gani. Shin za ka iya ba yaro wayarka ka ce ya shiga da ita cikin gida matan gidan su kalla, kai kana zaune a zaure? Za ka iya barin ta a gidan goggonka kwana uku don maƙwabta su zo su gani? Ni kuwa albam ɗina ya shiga ɗakunan da ni ban isa in taka ba. Yana fita hannuna a zaure, ya zagaya uwargida da amarya da 'yan biki, ya dawo da ɗan maiƙon ƙuli-ƙuli a bangonsa, ban damu ba. A ƙasar da maza ke zaure mata ke ciki, abin nuna hoton da ba ya rabuwa da hannun mai shi ya bar rabin jama'a a baya, ko masu wayewa sun yarda ko ba su yarda ba.

Dattawanmu suna ba da labarin majigi, watau motar silima da gwamnatin Turawa, daga baya kuma ta Jihar Arewa da En'e, suke turawa garuruwa. A kafa farin ƙyalle a fili da dare, a tayar da inji, a haska wa talakawa yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsabtar gida. Mai inji shi ke zaɓen abin da za a gani, shi ke cewa an fara, shi ke cewa an gama, ya naɗe ƙyallensa ya wuce. Ni a ganina waya majigi ce aka ƙanƙantar aka sa a aljihu. Har yanzu mai inji ne sarki, mai kallo kuwa ɗan leƙe ne. Hoton takarda shi ne yake sauka a hannun mai kallo, ya juya shi yadda ya so, ya daɗe a kansa gwargwadon yadda zuciyarsa ta nema.

Duk wannan da na faɗa za ku iya cewa maganar jin daɗi ce. Yanzu ga wadda ba ta jin daɗi ba.

Wanda ya tashi a cikin birni, wuta na zuwa ko da jefi-jefi ne, sabis kuma bai taɓa yanke masa na yini guda ba, yana ɗaukan waya kamar wata gaɓa ce ta jikinsa. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu mun san aro ce. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, Batsari da Safana suna ciki. A wannan lokaci kuma aka hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa, alhali kuwa a ƙauyukanmu wurin mai caji a kasuwa shi ne wutar lantarkinmu. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. Ba hukuncin nake tuhuma a nan ba, wannan wata gardama ce ta daban. Abin da nake so ku gane shi ne, wata uku cur waya a ƙasarmu ta zama ɗan baƙin dutse mai santsi. Wanda hotunansa ke kan intanet bai ga ko ɗaya ba. Wanda nasa ke cikin wayar kuma, in batir ya mutu sun mutu tare. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Sa'an nan kowa a wajenmu ya san abin da ɓarayin daji suke fara karɓa in sun tare mutum: babur da waya. Ɗan kawuna, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara, an tare shi a hanyar gona, bai dawo ba, Allah ya jiƙansa. Yaro ne mai son hoto ƙwarai, ko sabuwar hula ya saya sai ya ɗauka. Bayan an share makoki, mahaifiyarsa ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, ku da kuka san boko, a samo mini hotonsa in riƙa gani." Na ce, "Inna, wannan ai mai sauƙi ne." Ashe ba mai sauƙi ba ne. Wayarsa ta tafi tare da waɗanda suka kashe shi. Abokansa, wannan ya ce ya sayar da tasa, wancan ya ce mimorinsa ya lalace, wani ya ce ya goge don wuri ya cika. Na duba shafinsa na Facebook, hoton wani ɗan ƙwallon Turai ya sa a maimakon fuskarsa. Mutumin da ya ɗauki kansa hoto ya fi sau dubu, abin da muka samu a ƙarshe shi ne ɗan fasfo guda da ya manna a wata takardar makaranta shekaru da suka wuce, da alamar hatimi a gefen kunnensa. Shi na kai aka ƙara masa girma, ya fito dishi-dishi kamar an hango shi cikin hazo. Matarsa tana da ciki sa'ad da abin ya faru. Yarinyar da aka haifa, da wannan hoton za ta san ubanta.

Na san amsar da abokina zai bayar, don ya riga ya ba ni ita a ɗaki: wai da yaron ya ajiye hotunansa a kan Google da ba su ɓata ba. Madalla da wannan hikima ta 'yan birni! Wa ya buɗe wa mutanen ƙauyenmu akawun ɗin da ke wayarsu? Yaron shagon da suka sayi wayar ne, shi ya ƙago suna, shi ya ƙago lambar sirri, ya rubuta a guntun kwali, kwalin ya bi shara tun ran nan. In kuwa layin ya ɓata, ko aka rufe shi don ba a haɗa shi da lambar NIN ba, kamar yadda aka yi ta yi tun daga umarnin da aka bayar a Disamba 2020, to ƙofar dawowa ta rufe. Kamfanin ma da kansa bai yi wa kowa alkawarin har abada ba. Tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, ya ce kowa ya tsaya a giga 15 ko ya biya. Daga Disamba 2023 kuma ya ce yana iya share akawun ɗin da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. To mamaci yana taɓa akawun? Ajiyar da sai da sabis, da caji, da data, da lambar sirri, da ran mai ita, za a kai gare ta, wannan ba ajiyar da zan ba Inna amanarta ba ce.

Ba zan ɓoye raunin nawa ɓangaren ba, don kada a ce na yi son kai. Takarda tana ƙonewa. A Fabrairu 2020 da aka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30, har da ƙone gidaje aka yi, kuma duk albam ɗin da ke cikin irin waɗannan ɗakuna ya zama toka. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, mai gudun tsira da rai kuma ba ya tsayawa neman littafi a ƙarƙashin gado. Duk gaskiya ne. Amma maganin wannan a hannunmu yake, ba ya kuwa bukatar izinin wani kamfani a Amurka. Hoton da ya isa a wanke, a wanke shi uku. Nawa ɗaya yana aljihuna, ɗaya yana wurin yayata a Kano, ɗaya yana cikin akwatin baffana da ya yi ƙaura zuwa Katsina. Kafin wuta ta ci garuruwa uku a dare ɗaya, ai an daɗe. Kuma ban ce a goge na cikin waya ba, a bar shi ya zama na huɗu. Sai dai a kula, ba kowane bugu ne wanki ba. Wanda aka buga a farar takardar ofis da tawadar shagon kwamfuta, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya mayar da fuskar mutum taswira. A nemi mai hoto na gaske mai takardar hoto.

Akwai kuma mai cewa ajiye hoto bai dace da addini ba. Ni ba malami ba ne, na dai san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kowa kuwa ya bi wanda ya natsu da shi. Abin da ban gane ba shi ne mai hoto dubu biyar a aljihu ya yi wa mai 36 wa'azi.

Yanzu in koma kan tambayar da ta jawo duk wannan, ta ɗan'uwan da ya ce bai san Batsari ba sai a labarin kisa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji. Mutanenmu suka ɗora gawarwakin a mota suka kai su har cikin birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu, saboda sun gaji da faɗa da baki ana jin abin kamar tatsuniya. Gani ya kori ji, sun san haka, shi ya sa suka yi abin da ba a saba yi da mamaci ba. Waya ta yi irin wannan aiki daga baya, ba zan hana ta yabonta ba: da ba don hotunan da aka riƙa turawa ba, da yawancin abin da ya same mu ya mutu a daji ba wanda ya ji. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Yau in an ambaci garinmu, hoton da ke faɗo wa mutane a rai shi ne gawa a kan tabarma, ko mata da ƙunshin kaya a ka, ko kuma, tun zaman sulhun da aka yi ta yi a 2025, mutanen daji rataye da bindigogi ana gaisawa da su. Har uban wani a kwance cikin jini ana tura shi daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, ba mai tambayar ko 'ya'yansa sun yarda. Waya ba ta zaɓe, abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi gudu a cikinta.

Albam kuwa tilas ne ka zaɓa, tun da gidajen 36 ne. Na kwana uku ina cirewa ina mayarwa kafin in tsayar da nawa. Akwai duwatsun ƙasarmu da yamma bayan an ɗauke ruwa. Akwai baffana a gonar rogonsa ya ɗaga saiwa ɗaya da hannu biyu yana dariya, haƙoransa duk goro. Akwai ranar kasuwa, da layin masu awon gero, da 'yan mata a bikin ƙanwata, da makarantar allon da na yi. Akwai kakana a wani tsohon hoto marar launi, ya sha rawani ya ƙame kamar an ce masa in ya motsa za a ci shi tara. Akwai ɗan kawuna, dishi-dishi. Ban ɓoye shi ba, ban kuma sa shi a shafin farko ba. Yana tsakiya, tsakanin gonar rogo da biki, inda ya yi rayuwarsa.

A bayan kowane hoto na rubuta sunan mai shi, da garin, da shekarar, da boko da kuma ajami don dattawa su karanta da kansu. Wannan ma ku gwada shi da waya, wadda take raɗa wa hoto suna da jerin lambobi kamar fursuna. In an tura shi sau uku, ba mai sanin ko waye, ko a ina, ko yaushe. Shi ya sa ake ɗauko hoton rikicin wata ƙasa a ce jiya ne a Runka, mutane su yi ta salati suna turawa. Balle yanzu da kwamfuta take ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Ban ce takarda ba ta ƙarya ba, ana iya wanke ƙarya kamar yadda ake wanke gaskiya. Amma mai miƙo maka albam yana zaune a gabanka, ka san gidansu, in ya yi ƙarya ka san inda za ka same shi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, mu da muke cika baki da cewa muna raya al'adun Hausa. Muna shirya makon Hausa, mu sa babbar riga, mu hau doki, a ɗauke mu hoto ɗari biyar, bayan shekara biyu sakatare ya kammala karatu ya tafi da wayarsa, shi ke nan tarihin ƙungiya ya bi shi. Ku tambaya a ofishinmu a nuna muku hoton shugabannin shekara biyar da suka wuce, ku ga ko za a samu. Me zai hana a ware ɗan wani abu daga kuɗin rajista a riƙa wanke ko guda 20 a kowace shekara? Kuma kowane ɗayanmu in zai tafi hutu, musamman mu 'yan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, ya ɗauki tsofaffin gidansu da gonakinsu da kasuwarsu, ya wanke, ya rubuta suna a baya tun masu sunan suna da rai.

Wanda kuka gani a hannuna ran nan ma na biyu ne. Na farkon na kai wa kakata da hutun da ya wuce, da nufin ta kalla in karɓa in zan tafi. Ta buɗe shafin jaririn nan, ta shafa kumatunsa da yatsa, bai gudu ba. Da na zo sallama na miƙa hannu, sai ta tura shi ƙarƙashin matashinta ta ce, "Maigida, wane albam?"

Shi kuwa abokina mai dariya, Edita ya ce fili a buɗe yake a fitowa ta gaba. Sharaɗina guda ne: in zai zo da amsarsa, ya zo da hoton ranar da ya gama sakandare, wanda na san da wayarsa ta wancan lokaci ya ɗauka.